Ɗari da Ashirin na Tasripah

Tasripah ta shekara talatin da tara tana jera ƙwai kafin ta ji cewa jerin nata yana da suna a littafi.

Ƙwan agwagwa mai gishiri take sayarwa a bakin babban titin da ya ratsa garin Brebes, tsakanin mai facin taya da Casmini mai albasa. Rumfunan ƙwai a layin sun fi talatin, amma direbobin bas suna gane tata tun daga nesa, saboda dalar da ke kan teburinta. Sauran mata a kwando suke zuba nasu. Ita kuwa tana da wani katako mai kusurwa uku da take shimfiɗa wa ƙaiƙayin shinkafa, ta jera talatin da shida a ƙasa, takwas ta kowane gefe. A kansu ashirin da takwas, sai ashirin da ɗaya, sha biyar, goma, shida, uku, sannan guda ɗaya a can sama. Hawa takwas, ƙwai ɗari da ashirin cif. Tana shekara goma sha uku ta gano wannan jeri da kanta.

Ita ce babba a gidan mahaifinta, Pak Sakim. Lokacin da take firamare ba a taɓa wuce ta a lissafi ba, kafin malami ya ajiye alli ta ɗaga hannu, har ya kafa mata dokar sai ta bari wasu sun gwada. Shekarar da ta gama aji shida uwarsu ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Malamin ya zo gidan sau biyu a kan kekensa yana roƙon a bar ta ta ci gaba. Pak Sakim ya kawo masa shayi, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya nuna masa randunan ƙwai da ke jiran wanki, da ƙaramar 'yarsa Kusniyati tana kuka a bakin ƙofa. Malamin ya shanye shayinsa ya tafi.

Tasripah ce ta raini Kus. Ita ke mata kitso, ita ke raka ta makaranta. In Kus ta dawo da aikin gida, sai ta tsaya a bakin rumfa tana karanta tambayar da ƙarfi, Tasripah ta ba ta amsa hannunta na cikin kwaɓin garin bulo da gishiri da ake lulluɓe ƙwai da shi, ko ɗagowa ba ta yi. Da haka Kus ta haye sakandare, ta wuce kwalejin malamai a birnin Semarang, ta dawo da babur da jaka da takalmi mai tsini. Gari ya koma kiranta Bu Guru, wato Malama. Tasripah kuwa ta auri Warjo mai kiwon agwagi, ta haifi uku, ta gaji rumfar.

Ba su taɓa faɗa ba. Kus ba ta kiran sunanta gatsau, Yu Pah take cewa, yadda ƙanwa ke kiran yayarta, kuma kowace Sallah sai ta durƙusa ta sumbaci hannunta. Lokacin ne Tasripah kan dubi hannayen biyu a haɗe, nata da gishiri ya tsattsage, na Kus sumul. In wani ya ce mata, “Ƙanwarki akwai ƙwaƙwalwa,” sai ta ce, “Ai kuwa, ta iya tafiya da dogon takalmi,” ta ci gaba da goge ƙwai.

Wata Asabar cikin hutun makaranta Kus ta zo rumfar ta zauna a kan benci tana ɓare ƙwai.

“Yu Pah, wai me ya sa kullum ɗari da ashirin? Me ɗari ta yi miki?”

“Ɗari lambar ragwaye ce. Kawo min mutum uku su raba ɗari in gani. Wannan kuwa, ko biyu suka sauko daga mota, ko uku, huɗu, biyar, shida, takwas, goma, kowa zai ɗauki rabonsa babu mai hararar wani.”

“Bakwai fa?”

“Bakwai su je rumfar gaba.”

Kus ta yi dariya har ta ƙware. Tasripah ta ji daɗin dariyar, bakinta ya buɗe. Ta ja ta bayan rumfa inda take shanya dafaffen ƙwai a tabarma, ta nuna mata: sha biyar a layin farko, sha huɗu a na biyu, haka har ya tsuke zuwa ɗaya.

“Su ma ɗari da ashirin ne. Kwance kusurwa uku, tsaye dala. Nemo min wata lambar da ta iya wannan a kusa.”

Kus ta fito da waya ta ɗauki hoton tabarmar da na teburin, ta sa aka rushe dalar aka sake ginawa a gabanta. Ranar Tasripah ta cika mata leda da ƙwai, ta raka ta har bakin babur.

Bayan wata huɗu, da hantsi, Casmini mai albasa ta tsallako da waya a hannu tana haki.

“Pah! Zo ki ga ƙanwarki! Ta ci gasar malamai ta lardi gaba ɗaya!”

A cikin wayar ga Kus nan tsaye a wani babban zaure, gabanta katako mai kusurwa uku, sabo fil, an shafa masa fenti. Tana jera ƙwai, talatin da shida, ashirin da takwas, mutane masu riguna iri ɗaya suna tafi. Wani mai tabarau ya miƙa mata allon yabo.

“Ashe ita ta koya miki jerin nan,” in ji Casmini. “Ni ma dai na ce! Kin ga amfanin mai ilimi a gida.”

“Lokacin da na fara jerin nan majina take sha.”

“To, to. Ni dai abin da na gani na faɗa.”

Makon nan kaf haka ta sha. Direba ya sauko ya ce, “Bu, a ba ni goma daga dalar Bu Guru.” Mai facin taya ya ce ta liƙa hoton Kus a rumfa, zai jawo masu saye. Da Kus ta yi walimar godiya ta aiko a kawo ƙwai, Tasripah ta zuba su a kwando birjik ta ba Warjo ya kai, ta ce a faɗa mata kanta na ciwo.

Sai aka sanar cewa Kus za ta maimaita darasin a makarantarsu, iyaye da malaman wasu makarantu duk an gayyace su. Tasripah ba ta gaya wa kowa ba, ta rufe rumfa ta tafi. Ta zauna can baya kusa da taga, ta ja gyale ta rufe rabin fuska. Niyyarta ta kama kuskure ko ɗaya ne.

Kus ta ce masana sun raba lambobi gida-gida, kuma ɗari da ashirin tana da ɗaki a gidaje da yawa. Ta nuna ta a gidan masu kusurwa uku, ta nuna ta a gidan masu dala. Tasripah ta taɓe baki. Kus ta rubuta ɗaya sau biyu sau uku sau huɗu sau biyar, kafin ta ja layi Tasripah ta riga ta ga amsar, ta ce a ranta wannan ko agwagwa ta sani. Sannan Kus ta sa yara suka lissafo duk lambobin da ke raba ɗari da ashirin ba saura, tun daga ɗaya har ita kanta. Guda goma sha shida suka cika allo.

“Yanzu ku tara min su duka.”

Yara suka duƙufa da biro. Tasripah ta tara a ka, ta samu ɗari uku da sittin, ba ta ga abin mamaki ba.

“Ɗari uku da sittin,” in ji Kus. “Ɗari da ashirin sau nawa ke nan?”

Sau uku daidai, babu ragi babu ƙari. Kus ta ce daga ɗaya har zuwa nan babu wata lamba mai wannan hali, ita ce ta farko, kuma kafin a kai ta biyu akwai tafiya.

Tasripah ta ji kamar an zuba mata ruwan zafi a baya. Ta zo ne da tabbacin cewa duk abin da ke bakin Kus daga rumfarta aka ɗauko shi. Ga shi shekara talatin da tara tana ɗaga lambar nan tana saukewa kowace safiya, ta san duk masu raba ta kamar yadda ta san 'ya'yanta, amma bai taɓa zo mata ta tara su ba. Ta fice kafin a gama tafi.

Washegari bayan azahar, lokacin da motoci ke ɗaukewa, ta yage murfin kwali ta ari biron mai facin taya. Ta rubuta ɗari da ashirin da ɗaya, ta nemo masu raba ta, ta tara. Bai kai ko kusa ba. Ta wuce ta gaba.

“Me kike rubutawa haka, Pah?” Warjo ya tambaye ta da ya kawo ƙwan yamma.

“Ta biyu nake nema, Kang,” in ji ta, don haka take kiran mijin nata.

“Ta biyun me?”

“Wadda Kus ta ce akwai tafiya.”

“Ki tambaye ta mana. Gidanta ba Makka ba ne.”

Kallon da ta yi masa ya sa ya sauke kwandonsa ya koma wajen agwaginsa.

Ta yi wata biyar a kai. Da farko bi take ɗaya bayan ɗaya, sannan ta lura marasa rabuwa biyu ba sa ko ɗaga kai, ta riƙa tsallake su. A ɗari da tamanin ta ɗauka ta samu, da ta sake tarawa ta ga ya zarce da shida. Ta yi wurgi da kwalin cikin kwata, ta sake tsamo shi ta shanya. Kwalaye suka taru ƙarƙashin tebur. Akwai randa biyu da ta manta har suka yi kwana ashirin da uku a gishiri maimakon sha huɗu, wani direba ya ɗanɗana ya ce, “Bu, wannan ƙwai ne ko teku?” Warjo ya ce shi dai agwaginsa sun yi nasu ƙoƙarin, kada a ɗora musu.

Tana cikin lambobin ɗari uku da wani abu ta gano gajeriyar hanya, daga nan ta riƙa cin ashirin, talatin a yini. Wata Alhamis, ana yayyafi, ta isa ɗari shida da saba'in da biyu. Jimlar ta ba ta dubu biyu da goma sha shida. Ta ninka lambar sau uku a gefe. Dubu biyu da goma sha shida. Ta sake bi ta doguwar hanya, ta rubuta masu raba ta guda ashirin da huɗu ta tara, bai canja ba. Wata mata ta tsaya tana tambayar ƙwai, sai da ta maimaita sau uku Tasripah ta ji ta.

Ranar Lahadi da safe ta naɗe kwalin a leda ta nufi gidan Kus. Ta same ta tana ba furanni ruwa. Daga ƙofa ana hango allon yabon a bangon falo.

“Yu Pah! Yau wace rana? Shigo, in dafa shayi.”

“Ba zama na zo yi ba.” Ta miƙa mata kwalin. “Ga ta biyun taki.”

Kus ta goge hannu ta duba. Ta ɗauko waya daga aljihu, ta danna sau biyu uku, ta juyo mata da ita.

“Ita ce, Yu. Ɗari shida da saba'in da biyu. An san ta tun shekaru ɗaruruwa. Da kin tambaye ni ai da na...”

“Da na tambaye ki! Ke da kika zo rumfata kika kwashe min jeri, tambayata kika yi?”

“Na ambace ki fa. Na ce a rumfar 'yan uwa na gani.”

“'Yan uwa! Mu nawa uwarmu ta haifa? Sunana nauyi ya yi miki a baki, ko warin ƙwai yake yi? Garin nan kaf cewa ake ke kika koya min. Ni da na yi miki aikin gida shekara tara!”

Kus ta sunkuyar da kai. Ruwan tiyo yana ta malala a kan takalmanta. Can ta sake ɗaga kwalin, kamar mai neman inda za ta ajiye idonta, sai ta tsaya a kan wani layi.

“Wannan sittin da ukun daga ina ya fito?”

“Kar ki canja min magana.”

“Allah da gaske nake, Yu. Daga ina?”

Tasripah ta fizge kwalin ta nuna da ɗan yatsa. “Lambar ai talatin da biyu ce sau ashirin da ɗaya. Ki tara masu raba talatin da biyu, sittin da uku. Ki tara na ashirin da ɗaya, talatin da biyu. Ki ninka su da juna, shi ke nan, ba sai kin wahala ba. Amma sai in ɓangarorin biyu ba su haɗa dangi ba. A ɗari da ashirin, takwas da sha biyar ya yi, huɗu da talatin bai yi ba, na gwada.”

“Wa ya nuna miki?”

“Casmini mai albasa,” in ji Tasripah. “Wa kuwa zai nuna min?”

Kus ta kashe famfo ta zauna a kan dakali. “A shekararmu ta biyu a Semarang aka koya mana wannan. Haddace shi na yi. Na faɗi jarrabawar ma, sai da na sake. Ki zo ajina ki nuna wa yara da bakinki. Zan faɗi sunanki a gaban kowa, in faɗi wanda ya fara jera dalar.”

Tasripah ta so ta ƙi. Ta kwana biyu tana cewa ba ta zuwa, ba ita ce abin nuni ba. Ranar Laraba ta fito da rigar da ta sa a bikin babbar 'yarta, Warjo ya goya ta a babur har ƙofar makaranta.

Kus ta cika alkawari. Ta tsaya gaban yara talatin da huɗu da shugaban makaranta ta ce, “Wannan yayata ce, Bu Tasripah. Dalar nan tata ce, a wurinta na gani. Kuma ta gano ɗari shida da saba'in da biyu da biro da kwali.” Ta miƙa mata alli.

Rabon Tasripah da riƙe alli shekara arba'in. Ta juya ta fuskanci allo, ta rubuta talatin da biyu, allin ya karye. Ta fara bayani allo take wa magana, muryarta ba ta kai layi na biyu ba. Da shugaban ya ce ta ɗan ɗaga murya, sai ta kwararo lissafin gaba ɗaya a numfashi guda, ta tsallake matakai uku saboda a wurinta a bayyane suke. Ta waiwayo ta ga idanu sun yi mata zuru. Ta ce, “To ai shi ke nan, me ya rage?” Wasu a baya suka ƙyalƙyale.

Kus ta matso a hankali ta ɗauki guntun allin. “Bari mu bi sawun Bu Tasripah sannu-sannu,” in ji ta. Ta zana layi shida a tsaye, huɗu a kwance, ta jera masu raba talatin da biyu a sama, na ashirin da ɗaya a gefe, ta sa yara suna cike gidajen ɗaya-ɗaya. Ta yi musu wasa, ta kira mai gyangyaɗi da sunansa, ta bar su suka yi kuskure suka gyara. Kafin a kaɗa ƙararrawa aji ya ɗauka, har ana rige-rigen ɗaga hannu. Tasripah na tsaye a gefe da farin alli a rigar biki. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, da ta dubi zanen gidajen nan, ita ma sai lokacin ta ga dalilin da ya sa hanyar tata ke aiki.

A hanyar komawa, da suka wuce gonakin albasa, Warjo ya ɗan waiwayo.

“Yaya aka yi?” in ji Warjo. “An tafa miki?”

“An tafa.”

“To madalla.”

“Ta cika surutu, Kang. Abin da za a faɗa a numfashi ɗaya ta ja shi minti arba'in.”

“Yaran sun gane dai?”

“Ka kula da hanya, ga rami can.”

Shekara shida ke nan da yin wannan. Kus ta zama shugabar makaranta, ta buga darasin a ɗan ƙaramin littafi, da sunan Tasripah a shafin farko. Tasripah ta karɓi kwafinta ta duba, ta ce an rubuta nata da ƙananan baƙaƙe, na Kus da manya. Ba ta sake shiga aji ba, ko da aka gayyace ta. Amma ran Asabar Kus kan zo rumfar da wata tambaya a takarda, ta ajiye kusa da kwandon ƙwai kamar ta manta da ita. Tasripah ba ta taɓa takardar sai babur ɗin ya ɓace. In ta warware kafin Asabar ta zagayo, layin kaf sai ya ji labari. In ta gagare ta, sai ta ce wa Kus iska ta ɗauke takardar.